Baba Ya Ce Ba Ta Kama Mutum Sau Biyu

Na daɗe ina son rubuta wannan, hannuna yana ƙi. Yanzu da ɗiyata ta fara tafiya, na lura na soma gyara labarin a zuciyata, ina cire wuraren da suke yi mini ciwo. Shi ya sa na zauna in rubuta shi yadda ya faru tun bai canja ba. Allah ya sa ya amfani wani, ya kuma yi rahama ga wanda zan yi magana a kansa.

Sunana Balkisa. Ni ce autar Malam Arzika, manomin gero da wake a wani ƙauye na karkarar Bazaga. Innarmu ta rasu ina ƙarama, shi da ƙanwarsa Gwaggo Tasalla suka rene ni. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida. Aure ya kawo ni Malbaza, inda maigidana yake jan babbar motar siminti.

Duk wanda ya taɓa ganin Baba zai tuna fuskarsa. Zanen agana ne tun daga goshi har haɓa, ƙananan ramuka kamar inda yayyafi ya sauka kan rairayi. Ba ya jin kunyarsu. Ina ƙarama nakan hau cinyarsa in riƙa ƙirga su da yatsa, in na kai ashirin in ɓace, shi kuma yana ba ni labarin da ya fi so. Ya ce a zamaninsu in agana ta shigo, bukkoki ake yi a bayan gari a kai masu ciwon. Ba mai zuwa wurinsu sai wanda ya taɓa yin ta ya tashi, domin an san ba ta komawa kan mutum. Shi da ya tashi, sai ya zama shi ke kai fura da ruwa bukka, shi ke juya wanda ya kasa juyawa. Da masu yin lambar rigakafi suka zo daga baya, ya ce sun dubi fuskarsa suka ce wannan ya riga ya gama da ita.

"Ciwon annoba haka shike, Auta," yakan ce mini. "In ya buge ka bai kashe ka ba, ya ba ka takarda. Kuma wanda anka ba takarda, ba don kansa kaɗai anka ba shi ba."

A shekarar da korona ta shigo, lokacin da aka hana taruwa, Baba ya kai wake Konni, ya sauka a zauren wani ɗan kasuwa abokinsa. Bayan 'yan kwanaki mutumin ya kwanta. Ma'aikatan lafiya suka bi waɗanda suka zauna da shi, suka sa wa Baba tsinken auduga a hanci, aka ce yana da ita. Ya yi zazzaɓi da tari mako biyu. Abin da ya fi damunsa shi ne hancinsa ya daina aiki. Gwaggo ta kai masa daddawa bakin hanci, ya ce ba ya jin komai, kamar dutse aka miƙo masa. Sannan ya tashi. Damina ta zo, ya yi nomansa kamar kullum.

Tun daga nan ya sa korona a layin agana da ƙyanda. Da aka kawo allurar rigakafi, masu yi suka je har dandalin ƙauyenmu suna cewa tsofaffi su fara. Gwaggo ce ta ba ni labari. Ta ce Baba ya je da ƙafarsa, ya yi musu sannu da aiki, ya ce su ba wani rabonsa.

"Ni na sha ta bara," ya ce musu. "Ku adana ruwanku ga wanda bai da komi."

Wata ma'aikaciya ta ce masa ko wanda ya taɓa yi ana so a yi masa. Ya nuna mata fuskarsa yana dariya, mutanen wurin ma suka yi dariya, ta ƙyale shi. Maigidana an yi masa tasa, don ana tambayar direbobi katin a hanya. Ni ina ta cewa sai gobe, har ciki ya shiga.

Ga wurin da nake yawan cirewa. Lokacin sanyi ne, fiye da shekara ɗaya da rabi bayan ciwon Baba, cikina yana wata bakwai. Na je awo, unguwarzoma ta tara mu kafin ta fara aiki. Ta ce wani sabon nau'in ciwon ya shigo, yana kama har waɗanda suka taɓa yi. Ta ce masu ciki mu yi hankali, kuma mu gaya wa tsofaffinmu su je a yi musu allura ko da sun taɓa kwanciya. Na ji da kunnena. Na ma ce a raina in na koma gida zan kira Baba. Na koma gida na ɗora tukunya, ban kira ba.

Ba a yi kwana goma ba maigidana ya dawo daga tafiya yana cewa maƙogwaronsa kamar ya haɗiyi ƙaya. Muka ce mura ce, iskar hanya. Rana ta uku zazzaɓi ya rufe shi, tari ya biyo baya. Muka je ɗakin shan magani na unguwarmu, manjo, wato babban ma'aikacin wurin, ya gwada shi ya ce ita ce. Ya rubuta magani, ya ce ya kwanta a ɗaki shi kaɗai, a bar taga buɗe, ni kuma kada in shiga saboda cikin.

Faɗa ba wuya. Danginsa suna tsallaken iyaka a Najeriya. Gidanmu na haya ne, ɗaki biyu. Maƙwabta mutanen kirki ne, amma sun koma gaishe mu ta saman katanga, kuma ban ga laifinsu ba. Nakan ajiye kunu a bakin ƙofa in ja baya, in dawo in tarar ya yi sanyi, don bai iya tasowa ya ɗauka ba. Rana ta biyar ya fito zai zaga bayi, ya faɗi a tsakar gida. Na tsaya taku huɗu daga inda yake, hannuna a kan ciki, ina kallonsa yana rarrafe. Da ya koma ɗaki na kira Gwaggo ina kuka.

Washegari kafin azahar na ji mashin ya tsaya a ƙofar gida. Baba ne, da butarsa da bargonsa da 'yar jaka a rataye.

"Ina mai ciwon?" ya ce, bayan ya tambaye ni lafiyar kowa har da kajina.

"Baba, an ce kada kowa ya shiga."

"An ce kada ke ki shiga. Ni wa ya hana ni? Ba ta kama mutum sau biyu, Auta. Ko kin manta ɗiyar wa ce ke?"

A nan ya kamata in yi magana. Maganar unguwarzoma tana bakina, kalma da kalma. Na dubi cikina, na dubi ƙofar da tari yake fitowa. Sai na karɓi butarsa na cika masa da ruwa. Na miƙa masa takunkumi sabo, ya karɓa ya ce madalla, ya sa a aljihu.

Shekara uku da aurenmu, maigidana bai taɓa cin abinci a gaban Baba ba. In mun je ƙauye tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi kansa a ƙasa. Da Baba ya shiga ɗakin, na ji motsin gado, yana ƙoƙarin saukowa.

"Kwanta, direba," in ji Baba. "Surukuta ta tahi hutu. In ka warke mu aika a ɗauko ta."

"Baba, don Allah. Ina jin nauyi."

"Nauyin buhu nawa? Kai da kake kwana da siminti. Buɗe baki, kunun yana hucewa."

Na zauna a bakin murhu ina dariya ina share ido. Ban ɓoye ba, ranar na ji sauƙi. Na ji kamar an sauke mini kaya.

Kwana tara Baba ya yi a ɗakin nan. Shi ke tallabe shi zuwa bayi, shi ke goge masa jiki, shi ke wanke kwanon da yake tofa majina. Saboda sanyi ya rufe taga, ya cusa tsumma a inda iska ke shigowa, ya sa na riƙa kawo garwashi a kasko. Sau ɗaya na ce manjo ya ce a buɗe taga. Ya ce, "Mai ciwon ƙirji za a buɗe wa iska? Yaron nan a ina ya yi karatu?" Ban sake cewa ba. Gwaggo ta kira ta ce a dafa ganyen dogonyaro da lemun tsami a yi masa surace. Aka yi. Da yake maigidana ba ya iya riƙe tukunyar, Baba yakan shiga cikin bargon tare da shi, kai da kai, safe da yamma.

A mako na biyu zazzaɓin ya sauka. Wata rana na kawo tuwo, maigidana ya karɓa ya ajiye, ya juya yana kallon bango. Baba ya dube shi, ya fashe da dariya, ya ɗauki butarsa ya fito.

"Auta, mijinki ya warke. Kunya ta dawo."

Ya ce ranar kasuwa zai koma gida, ya bar awaki hannun Gwaggo kuma bai yarda da ita ba. Ranar kasuwa ta zo, ya ce jikinsa ya yi nauyi, sai jibi. Gajiya ce, in ji shi. Na ga ya ɓare goro ya ci rabi ya ajiye, abin da ban taɓa gani ba. Sai tari, ƙanƙane, busasshe. Maigidana ya durƙusa ya ce a je wurin manjo a gwada.

"A gwada mi? Mura ce ta tsofaffi. In na je sai su ce ga mai zane ya zo neman abin da ya riga ya ci."

Kwana biyar muka ɓata a haka, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan. Gwaggo ta zo daga ƙauye da rubutu a gora da ƙullin tazargade. Wani direba abokin maigidana ya aiko da kafso da ya sayo a tsallake, ya ce shi ya tashe shi. Wata maƙwabciya ta ce tafarnuwa da zuma. Duk muka yi, don kowa da kyakkyawar niyya ya kawo. Ba wanda ya ce korona, har ni. Mun riga mun yarda cewa ƙofar nan a rufe take, sai muke neman ciwon ta wata hanya.

Abin da ya tsorata ni gaisuwa ce. Baba in ya kama gaida mutum sai ya gaji, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi jaki. Ranar nan mai gidan da muke haya ya leƙo ya yi masa sannu. Baba ya ce, "Lahiya lau," ya tsaya. Ya buɗe baki zai ci gaba, ya sake tsayawa yana jan iska, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Maigidana bai tambayi kowa ba, ya fita ya nemo mota.

Manjo ya maƙala masa wani ɗan abu a yatsa, ya dubi lambar da ta fito, ya dubi maigidana. Bai yi mana faɗa ba. Ya rubuta takarda ya ce mu wuce babban asibiti yanzu, kada mu biya gida.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don akwai waɗanda suka yi mana alheri a ciki, kuma ban san nauyin da ke kansu ba. Amma mun isa da hantsi, ba a ba Baba gado ba sai bayan la'asar. Layin karɓar tikiti dabam, layin ganin likita dabam, layin gwaji dabam. Yana kwance a kan bargonsa a baranda, Gwaggo tana yi masa fifita da gefen mayafi. Aka rubuta magani, aka ce babu shi a ciki, sai a kantin waje. Tulun iskar da ake sa wa masu wahalar numfashi kaɗan ne, sai da aka cire wa wani da ya samu sauƙi aka kawo masa. A cikin wannan duka, wata mai shara da ban san sunanta ba ta ga cikina, ta ɗauko mini kujera daga wani buro, wato ofis, ta kai ni inuwa nesa da masu tari. Kullum sai ta kawo mini ruwa. Allah ya saka mata. Kafin mako ya ƙare an sayar da awakin da Baba bai yarda da Gwaggo a kansu ba, da waken da ya ajiye na iri.

Gwaji ya fito, ita ce. Ya fito da wani abu kuma da ba mu sani ba: Baba yana da ciwon suga, kuma ya daɗe. Sai a lokacin na tuna yadda 'yan shekarun nan yake shan ruwa kamar raƙumi, da wani miki a ƙafarsa da ya ƙi rufewa tun girbi. Mun ɗauka tsufa ne.

Likitan matashi ne, idanunsa jajaye don rashin hutu. Ya fito ya same mu a gindin bishiya, ya tsaya nesa kaɗan saboda ni. Gwaggo ba ta bari ya gama ba.

"Likita, ku sake dubawa. Wanga mutum ya yi ta tun hwarko, an rubuta. Ina aka taɓa ganin ƙyanda ta koma wa mutum?"

"Inna, gaskiyarki a kan ƙyanda," ya ce. "Da agana ma. Amma wannan ba halinsu ɗaya ba."

Zan rubuta abin da ya faɗa iya yadda na riƙe, don shi ne dalilin wannan rubutu. Ya ce in ciwo ya shiga jiki aka yi nasara a kansa, jini yakan ajiye masu gadi da suka san fuskarsa. Ya kira su antikor, kalmar ta zauna mini har yau. Ya ce agana fuska ɗaya gare ta, kuma masu gadinta ba sa barin aiki har mutum ya tsufa. Korona kuwa, masu gadinta suna raguwa in watanni suka yi yawa, ita kuma tana canja kama. Sai ta dawo da rawani da wata riga. Masu gadin da suka rage sukan gane ta daga baya, ta tafiyarta, amma ta riga ta shiga gida.

"To ke nan ciwon farko bai yi masa amfanin komai ba?" na tambaya.

"Yana yi," ya ce. "Yawancin waɗanda suka taɓa yi, in ta dawo takan zo musu da sauƙi. Kariya ce ta gaske, ba ƙarya ba. Amma ba katanga ba ce. Ga mai shekaru, ga suga, ga kwanaki a rufaffen ɗaki yana shaƙar numfashin mai ciwo, jinkirin masu gadi yana da tsada. Allurar da ake yi, kamar a sake tara su ne a ƙara musu yawa, a tuna musu aikinsu."

Ban tambaye shi ko da an yi allurar Baba zai tashi ba. Shi ma bai faɗa ba. Sai ya tambaya wa zai zauna da Baba, don ni ba zan shiga ba, Gwaggo ma shekarunta sun ja. Maigidana ya ce shi ne. Likita ya tambaye shi yaushe ya warke, ya gaya masa.

"Kai ka fi kowa dacewa yanzu. Masu gadinka sababbi ne, kuma wannan nau'in suka gani, ga allura ka yi. Amma ka sa takunkumi, ka bar taga buɗe."

Gwaggo ta tafa hannu a hankali. "To ba maganar Arzika ke nan ba? Wanda ya tashi shi ka jinya."

"Maganarsa ce, Inna," in ji likita. "Sai dai tana da wa'adi. Shi nasa ya wuce, bai sani ba."

Haka aka juya. Wanda aka ba kunu a baki ya koma shi ke bayarwa. Gadon Baba yana kusa da taga, ni kuma kullum da safe nakan shimfiɗa tabarma a waje, nesa kaɗan, inda zan iya ganin gefen fuskarsa. Robar iskar ta rufe masa hanci da baki, zanen goshinsa kaɗai nake gani. Likita ya ce a riƙa kwantar da shi rub da ciki don numfashi ya samu hanya, maigidana ne ke juya shi. Na ji Baba yana ce masa, da ƙyar, "Direba, a hankali. Ba buhu ba ne."

Rana ta shida ya samu sauƙi. Ya zauna, ya ce fura yake so. Likita ya hana saboda suga, aka ba shi kunu marar zaƙi, ya sha yana ɓata fuska. Gwaggo ta ce ta gaya mana, mai zane ba ya faɗuwa. Muka fara maganar motar da za ta mai da shi gida. Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya dawo, lambar yatsa ta yi ƙasa, aka ƙara masa iska har iyakar abin da tulun yake bayarwa.

Rana ta tara, bayan azahar, Gwaggo ta tafi salla. Na tashi daga tabarma na matso taga fiye da yadda aka yarda mini. Na ce wa maigidana ya ɗan ba mu wuri, ya koma bakin ƙofa.

"Baba."

Ya juyo da idonsa.

"Akwai abin da ban gaya maka ba. Tun kafin ka zo an gaya mana a wurin awo cewa tana komawa kan mutum. Na sani ranar da ka sauka daga mashin. Na yi shiru, don ina so ka shiga."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗaga hannu ya ɗan janye robar daga bakinsa. Maganar tana fita guntu-guntu, amma na ji duka.

"Ke kina tsammani... ni ban da rediyo?"

Ya ɗan huta, ya ci gaba.

"Na ji. Tun kahin ke." Ya ja iska. "Da na ce miki haka... za ki bar ni in shiga?"

"A'a, Baba."

"To." Ya nuna cikina da haɓa. "Koma tabarma. Kin matso da yawa."

Ya mai da robar da kansa. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Ya rasu rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, kansa a kan hannun surukinsa. Ma'aikata ne suka shirya shi, mutane kaɗan suka yi masa salla. Mutumin da duk ƙauye ya san fuskarsa, ba a ga fuskarsa ba ranar.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki na haihu lafiya, mace. Ciwon bai taɓa ni ba. Da na gama wanka na je aka yi mini allurar, na kuma kai Gwaggo. Ta yi ta mita a hanya, amma ta miƙa hannu.

Abin da nake roƙon mai karatu kaɗan ne. In tsohonka ya ce ya riga ya yi ta, ka tambaye shi yaushe, don abin da jikinsa ya ajiye yana tsufa, ciwon kuma yana canjawa. Ka kai shi a duba masa suga tun yana lafiya. In mai jinya ya shiga ɗaki, a buɗe taga ko da sanyi ake yi, a ƙara bargo. In numfashi ya fara yanke wa mutum magana, kada a jira ranar kasuwa. Kuma in ka san wani abu, ka faɗa, ko da faɗar za ta bar ka kai kaɗai da wahala.

Na ba Gwaggo labarin abin da ya ce mini ta taga. Ta girgiza kai. Ta ce rediyon Arzika tun damina ba ta da batir, kuma har ranar da ya hau mashin yana ce wa mutane a dandali shi mai takarda ne. Ta ce ita ba ta ga alamar tsoro a tare da shi ba ko kaɗan. Da aka raba kayansa, aka ba ni jakar da ya zo da ita da rigar da ya sauka da ita a gidana. A aljihu na tarar da takunkumin da na miƙa masa, a naɗe yadda na ba shi, ko igiyarsa ba a warware ba.

Na daɗe da shi a hannu. In da gaske ya san tana komawa, me ya hana shi sawa? Baba ba mai wasa da rai ba ne. In kuma bai sani ba, to ranar nan ta taga, da iskar da ta rage masa, ya duba ya ga akwai sauran mai ciwo da ba a yi wa jinya ba, wato ni, ya yi mini.

Ban san wanne ne gaskiya ba, kuma ba wanda zan tambaya. Takunkumin yana cikin akwatina. Allah ya jiƙan Malam Arzika, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, ya ba shi inuwa a inda ba a tari.